Ranar Da Aka Ji Muryar Tsawa

Matakala goma sha bakwai ce tsakanin shagon buga takardu da situdiyon da ke samansa, amma ranar Asabar ɗin nan bibbiyu Auta ta riƙa haɗa su. Ɗankwalinta na neman zamewa, yatsunta duk baƙin tawadar inji.

Ta banka ƙofa ko sallama babu.

"Injiniya, da gaske ne? Ka rantse!"

Injiniya ya juyo da kujerarsa mai taya, baki har kunne.

"Ƙarfe huɗu na yau. Mai gabatar da shirin da kansa ya kira ni. Sabuwar waƙar Tsawa ce za ta buɗe shirin, kuma ya ce in tura masa kafin ƙarfe biyu."

Auta ta toshe baki da hannu biyu ta yi ihu a ciki. Ta zagaya ɗan ɗakin sau biyu, ta yi karo da sandar makirufo, ta ba sandar haƙuri, sannan ta zube a kan benci tana dariya.

Wata takwas ke nan matasan gari na rera waƙoƙin Tsawa a bakin titi da cikin motocin haya. Ana gardamar ko dogo ne ko gajere, har akwai masu rantsuwar sun taɓa cin abinci tare da shi. Ƙarya suke yi, don babu wani namiji mai suna Tsawa. Auta ce ke rubuta baitocin a bayan takardun da suka lalace a shago, ita ce ke hawowa lokacin hutun rana ta zuba su a makirufo. Idan ta sauka, sai Injiniya ya zauna gaban kwamfuta ya kaurara muryar, ya saukar da ita ƙasa har ta koma ta wani ƙato. Haka suke sakin waƙar, babu hoto, babu bayani.

A cikin wannan aikin ne soyayya ta kama su, kuma ba kamun wasa ba. Wata uku da suka wuce ya je ya gaida Abbanta, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Abba, tsohon malamin makaranta mai ritaya, ya saurare shi tsaf, ya tambaye shi sana'arsa, ya ce ya gode da zuwa, amma ba zai ba makaɗi 'yarsa ba. Bai ma san 'yar tasa na shiga situdiyo ba, balle ya san ita ce ke girgiza gari.

Injiniya ya matso da kujerarsa kusa da bencin.

"Auta, ki bar ni in tura asalin muryarki yau."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Mun gama wannan maganar."

"Ke kika gama, ni ban gama ba. Kullum idan na taɓa muryarki sai in ji kamar sata nake yi. Kin san abin da ke cikin asalin nan kuwa? Ni kaɗai nake ji a duniya, sai in lalata shi da hannuna in ba mutane saura."

"Ba ka wurin ne ranar gasar nan, shi ya sa," in ji ta, idonta ya fara kawo ruwa. "Mu ashirin da biyu, ni kaɗai ce mace. Ina hawa dandamali suka fara fito. Wani ya ce in juya a ga bayan rigata. Alƙalin gasar bai bari na kai baiti na uku ba ya ɗaga hannu, ya ce ƙanwata, muryarki da daɗi, ki nemi wani mawaƙin ki riƙa yi masa amshi. Baitocin nan dai su ne na waƙar Tsawa ta farko, harafi ɗaya ban canza ba. Da suka ji su a bakin namiji, ba su ne suka ce ba a taɓa yin irinsa ba?"

"To ai shi ya sa nake so su sani."

"Su sani, Abba ma ya sani? Yanzu fa laifinka ɗaya ne a wurinsa, kai makaɗi ne. Umma na ta lallaɓa shi, jiya har ya tambaye ta ko kana da wani aikin ban da kiɗa. Ranar da ya ji ni nake waƙar hip-hop, a ɗakinka, da kiɗanka, shi ke nan an rufe maganarmu har abada. Ni kuma ba zan iya rasa ka ba, wallahi ba zan iya ba."

Hawayen suka sauko. Injiniya ya rasa inda zai sa kansa, ya laluba aljihu babu hankici, ya miƙa mata tsumman goge kwamfuta.

Ta kalli tsumman ta fashe da dariya cikin kuka.

"Kuma yau Dokta zai zo gidanmu ƙarfe huɗu," ta ce tana share ido da gefen mayafi.

"Mai kemis ɗin? Har yanzu bai gaji da neman aurenki ba?"

"Kada ka ce masa mai kemis a gaban Abba. Tunda ya sayi farar riga kowa Dokta yake ce masa."

Daidai nan wutar lantarki ta ɗauke. Fanka ta tsaya, batirin da ke riƙe kwamfuta ya fara ƙara alamar saura minti biyu ya mutu. Injiniya ya zabura. Duk mai haɗa sauti yana da wannan cutar ta suna, shi kuwa tasa ta yi tsanani. A kan allon akwai fayil mai suna "sabuwa ta ƙarshe", akwai "sabuwa ta ƙarshe 2", akwai "ta ƙarshe ta gaske", akwai "ta ƙarshe wallahi". Ido ɗaya na kan allo, ɗayan na kan Auta da ke jan hanci. Ya danna ɗaya ya tura, kwamfutar ta mutu.

Bai saurara ba kafin ya tura, abin da bai taɓa yi ba tunda ya fara aikin.

* * *

Ƙarfe huɗu saura kwata Dokta ya iso da ledar lemo da kwalbar maganin ciwon gwiwa ta Abba. Ya zauna a kujerar da ke kusa da taga ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ƙamshin turarensa ya cika falon har Umma ta yi atishawa.

Auta ta kawo ruwa da kofuna ta ajiye, ta gaishe shi, ta koma gefen Umma ta zauna a kan darduma. Zuciyarta ba ta falon, tana kan agogon bango.

"Auta," in ji Abba cikin muryarsa mai sanyi, "ni ba zan yi miki dole ba, kin sani. Amma bawan Allahn nan wata shida yana sintiri. Ya kamata ya ji matsayinsa."

Kafin ta buɗe baki Yaya ya faɗo falon, rediyon Abba a hannunsa. Yayanta ne da take bi, makanike ne, ko kayan aiki bai cire ba.

"Abba, don Allah minti huɗu kacal! Wayata ta mutu. Yau Tsawa zai saki sabuwa!"

"Kai da girmanka," in ji Umma. "Ba ka ga baƙo ba?"

"Umma, Dokta ai ɗan gida ne. Dokta, kana jin Tsawa? Gwarzon maza ke nan! Duk garejinmu babu wanda bai haddace shi ba."

Dokta ya yi murmushin manya.

"Ina ɗan ji a shago idan yara sun kunna. Shi dai namiji ne, da sauƙi. Abin da ba na so shi ne 'yan matan nan da ke cewa su ma za su yi. Mace da ihu a makirufo? Ai ko numfashin ba ta da shi. A likitance ma huhun mace bai kai ba."

Auta ta sunkuyar da kai ta ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata.

Yaya ya ajiye rediyon a kan tebur ya ƙara murya. Mai gabatarwa ya shigo da ƙarfinsa.

"Jama'a, ku zauna da kyau! Farkon waƙar nan kawai na ji ɗazu, na kashe, na ce wallahi sai dai mu ji tare. Ga Tsawa!"

Kiɗan ya fara. Auta ta san kowane bugu a cikinsa, yatsunta na bi a ɓoye ƙarƙashin mayafi. Murna ta cika ta har wuya. Waƙarta ce, a rediyon Abba, a tsakiyar falonsu!

Sai muryar ta shigo.

"Kun ce in koma baya in yi amshi,
Kun ajiye ni gefe kamar kwalbar ƙamshi,
Na zo da baitina, ku matsa ku ba ni hanya,
Wanda bai iya ba ya ja kujera ya koya."

Ba muryar ƙato ba ce. Siririya ce, mai kaifi, tana gudu a kan kiɗan ba ta tuntuɓe, tana yanka kalma inda ba a zata ba ta kama ta gaba. Muryar da ke cewa "Umma, ina makullin kicin?" kullum da safe.

Muryar Auta ce, tata ta asali.

Yaya ya saki baki. Ya kalli rediyo, ya kalli ƙanwarsa, ya sake kallon rediyo. Umma ta dafe ƙirji. Abba bai motsa ba, tabaraunsa kawai ya cire ya riƙe a hannu.

Babu wanda ya iya kashewa. Baiti na biyu ya wuce, na uku ya wuce, numfashi ɗaya ta zuba layi takwas. Kiɗan ya tsaya. Auta ta ce a ranta shi ke nan, an gama, ko yanzu za ta iya cewa kama ce ta murya.

Ashe fayil ɗin bai ƙare ba. Ɗanyen ɗauka ne da ba a yanke wutsiyarsa ba. Dariyarta ta fito daga rediyon, sannan ta ce, "Injiniya, ya yi ko in sake?"

Muryarsa ta amsa, kusa-kusa, cike da shauƙi.

"Ya yi, Auta, ya wuce ya yi. Allah dai ya sa Abba ya sauko ya ba ni ke in huta."

Yaya ne ya fara dawowa hayyacinsa.

"Auta! Ke ce? Ke ce Tsawa? Ni da na kusa dambe da mutum a gareji a kan wai na san unguwarsu! Ashe bango ɗaya ne tsakaninmu!" Ya kama kansa da hannu biyu yana tsalle. "Layi takwas! Numfashi ɗaya! Dokta, ina maganar huhu?"

"Rufe mana baki," in ji Abba.

Mai gabatarwa na ta ihu a rediyo, wai layukan waya sun cika, wai wata ta kira tana kuka. Abba ya rage muryar ya mai da tabaraunsa.

"Ke nake saurare."

Auta ta durƙusa, hawaye na bin fuskarta.

"Ni ce, Abba. Duka waƙoƙin ni na rubuta, ni na rera."

"Tun yaushe?"

"Wata takwas."

"Wata takwas kina fita da sunan aiki."

"Ina aikin, Abba, wallahi ina yi. Lokacin hutuna ne kawai. Ban taɓa zuwa wurin banza ba, ban taɓa faɗin kalmar da za ka ji kunya ba. Ka sa Yaya ya karanto maka duka. Tun ina ƙarama kai ka koya mini auna kalma, kai kake sa ni haddar waƙoƙin makaranta. Abin ne ya zauna mini a ƙirji, idan ban fitar ba ba na iya numfashi."

Dokta ya gyara murya.

"Abba, a yi mata afuwa, ƙuruciya ce. Ni dai har yanzu ina kan bakana. Ta bar wannan shirmen kawai, ni na yafe."

Auta ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, karo na farko a wata shida.

"Dokta, me na yi maka da za ka yafe mini? Ka tambayi matsayinka, ga shi: na gode da lemo, amma ba zan aure ka ba."

Umma ta ce, "Ke!" Yaya ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Sai ga sallama a bakin ƙofa, ta mutumin da ya yi gudu. Injiniya ne, gumi ya jiƙa rigarsa, waya a hannunsa tana ta ruri. Ya cire takalmi ya zube a gaban Abba tun ba a ce ya shigo ba.

"Abba, laifina ne. Fayil na ɗauka ba daidai ba. Ita ba ta sani ba, ta ma hana ni."

"Da gangan ka yi!" Auta ta faɗa cikin kuka. "Ɗazu-ɗazu kake roƙona, na ce a'a!"

"Wallahi tallahi kuskure ne. Na so a ji ki, ban ɓoye ba. Amma da in yi miki haka a bayan idonki gara in rufe situdiyon. Ki dube ni, Auta. Na taɓa yi miki ƙarya?"

Ta dube shi. Ta girgiza kai a hankali.

Wayar ta katse ta sake ɗaukar ruri.

"Wa ke kiranka haka?" in ji Abba.

"Gidan rediyon ne. Kira na tara ke nan. So suke su sa ni kai tsaye in faɗi ko wace ce."

Abba ya kalli wayar. Sannan ya jingina da kujera.

"Na ji abin da ka faɗa a ƙarshen waƙar. Duk gari ya ji. Kana son 'yata?"

"Fiye da yadda zan iya faɗa, Abba."

"To ɗauki wayar. Ka ce musu wata yarinya ce kuka ɗauko ta gwada baitocin, Tsawa namiji ne yana nan. Auta a gari da yawa suke, babu wanda zai gane. Daga yau ta bar makirufo, a binne maganar. Idan ka yi haka, na ba ka ita. Ga mahaifiyarta, ga yayanta, su ne shaida."

Umma ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Ɗauka mana, ɗan nan, me kake jira?"

Dokta ya miƙe ya ɗauki makullin motarsa, amma ya kasa fita.

Auta ta dubi Injiniya. Abin da ta yi wata uku tana kuka a kansa ne aka ajiye mata a gabanta. 'Yan kalmomi kawai zai faɗa. Ta buɗe baki za ta ce masa ya ɗauka, sai kunnenta ya koma kan rediyo. A can ƙasa-ƙasa rediyon na karanto saƙon wata ɗaliba da ta ce yau za ta fito da littafin baitocinta daga ƙarƙashin katifa.

Injiniya ya kalli wayar, ya kalli Abba, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Abba, ka gafarce ni. Wata takwas ina shafe muryarta da hannuna, kullum ina jin nauyin abin. Idan na fara aure da cewa ba ita ba ce, da wane ido zan dube ta a gida? Ba ni da ikon faɗin wannan." Ya juya ya ajiye wayar a kan darduma a gabanta. "Muryarki ce. Idan kin ce in musa, yanzu zan musa, kuma ba zan taɓa yi miki gori ba. Idan kin ɗauka, ina nan."

"Auta," in ji Abba, "ki yi tunani."

"Auta, ki rufa mana asiri," in ji Umma.

Wayar na ta haske a kan darduma. Auta ta share fuska da bayan hannu, ta ja numfashi irin wanda take ja kafin dogon baiti. Ta ɗauka.

"Injiniya!" in ji mai gabatarwa. "Kana kai tsaye, gari na jin ka! Wace ce wannan?"

"Ba Injiniya ba ne," ta ce. Muryarta ta fito daga rediyon da ke kan tebur, ta dawo mata a kunne. "Ni ce Tsawa. Tun waƙar farko ni ce."

Ihun da ya tashi a gidan rediyon sai da ya sa lasifikar ta yi ƙara. Yaya ya daki iska da hannu, hawaye a idonsa.

Abba ya miƙe tsaye. Bai kalli 'yarsa ba, Injiniya ya kalla, ya nuna masa ƙofa.

"Tashi ka bar mini gida."

Injiniya ya miƙe ba musu. Auta na riƙe da waya tana kallonsa yana sa takalmi, ƙafar hagu ta ƙi shiga, ya take bayan takalmin.

"Tsawa, masu saurare sun ce ba su yarda ba!" mai gabatarwa ke faɗi. "Sun ce kwamfuta ce. Ki ba mu layi huɗu yanzu, ba kiɗa, ba komai. Za ki iya?"

Duk baitocin da Auta ta taɓa rubutawa suka gudu daga kanta. Ba ta taɓa yi babu kiɗan Injiniya a kunnenta ba, ga Abba tsaye, ga Umma na kuka, ga gari na jira.

Injiniya ya riga ya fita, ƙafafunsa biyu na waje kamar yadda aka umarce shi. Sai ya juyo, ya ɗaga tafin hannu ya fara buga jikin ƙofar ƙarfen a hankali. Bugu biyu, tsayawa, bugu ɗaya. Ya ɗaga mata yatsu: ɗaya, biyu, uku.

A na huɗu Auta ta miƙe tsaye a tsakiyar falon, ta shiga.